Tabon Idon Hagu

"Wannan ma kunne ka kama," in ji Ya'u, ya danna na gaba. "Wannan kuma hula. Ga gemu nan tar, har furfura ana ƙirgawa. Kai Sagir, mutum ka je ɗauka ko kayan jikinsa?"

"Ka dai wuce gaba."

"Ina wucewa ai. Na nawa ke nan?"

"Na talatin da uku. Saura takwas."

Shagon wanke hoto na Ya'u ɗan tsukut ne a bakin titin Sharada, daidai inda 'yan adaidaita sahu ke zazzage ma'aikata. Sagir ya taso daga aikin safe a kamfanin robobi, ko rigar aiki bai cire ba, ya zo ya tsaya a bayan kujerar abokinsa yana kallon kwamfuta kamar mai jiran likita ya buɗe baki. A fuskar kwamfutar wani dattijo ne zaune cikin farar riga. Duk abin da ke bayansa ya narke ya koma kore mai laushi, ba bango, ba kwata, ba komai. Hoto ne da zai tsayar da mai wucewa. Sai dai idanun dattijon, duka biyun, dishi-dishi suke, kamar ana hango su ta cikin hawaye.

Malam Idrisu ke nan, mahaifin Aina'u, wadda Sagir yake nema da aure. Yau kwanansa tara da rasuwa.

Ya'u ya ƙarasa takwas ɗin da suka rage bai ƙara tsokana ba. A na ƙarshe ya daɗe, ya faɗaɗa fuskar har ta cika kwamfutar, sannan ya jingina da kujera ya sauke numfashi.

"Babu, mutumina. Ko ɗaya babu. Arba'in da ɗaya, ba wanda ido ya fito."

"Ka sake dubawa daga farko."

"Ko sau goma na duba, abin da babu, babu. Ai na sha faɗa maka, wannan tsohon ƙarfen naka wata rana sai ya kunyata ka. Duniya ta ci gaba, kyamara na neman ido da kanta, kai kana nan kana murɗa zobe kamar mai neman tasha a rediyon kakansa. Wallahi da wayar Aina'u ce da ta kama fuskar nan."

Hannun Sagir na kan jakar da ke rataye a kafaɗarsa, yana jin nauyin abin ta cikin yadi.

Tsohon gilashin kyamara ne, irin na milimita tamanin da biyar da ake ɗaukar fuska da shi, ƙarfe zalla, ya girmi Sagir a shekaru. Ba ya kusanto da abu, ba ya nisantar da shi, ba ya kuma neman fuska da kansa. Mai shi ne zai murɗa zobe a hankali har ido ya fito. Amma idan aka buɗe bakinsa gaba ɗaya, yana shan haske kamar ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba, ya ɗauke mutum ya raba shi da duk ƙazantar da ke bayansa. Kuɗin wannan kyau shi ne, wurin da ke fitowa garau bai wuce kaurin yatsa ba. Ka kama ido, hanci ya fara narkewa. Mutum ya ɗan ja numfashi ya yi baya, ido ya tafi. Sagir ya ɗaura shi a kan kyamararsa ta zamani, irin marar madubi a ciki, wadda idan ka leƙa ka danna maɓalli ɗaya takan faɗaɗa maka ƙwayar idon mutum har ta cika maka gani, ka saita a kanta. Shekara biyu yana aiki da shi ranakun hutu. Yakan ce sauran masu hoto ɗauka suke yi, shi kuwa kallo yake yi.

Da wannan gilashin ya fara ganin Aina'u, a ƙofar kamfanin alewa da take aiki a Bompai, ranar da ƙawayenta suka kira shi ya ɗauke su. Ya faɗaɗa idonta don ya saita, ya tarar tana dariya da ido alhali bakinta a rufe. Ya manta bai danna ba har ƙawayen suka fara yi masa tsiya. Tun daga ranar zuciyarsa ba ta koma wurinta ba.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa. Mahaifinta ya shekara ashirin da takwas yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, kuma duk duniya ba shi da hoto sai na katin aiki, wanda zufa da wanki suka cinye har ba a gane mutum. Ba ya son hoto. Ko waya aka ɗaga sai ya kau da kai ya ce a bari. Da tari ya kwantar da shi a farkon damina, sai wata rana da kansa ya ce, wannan yaron mai hoto, a ce masa ya zo.

"Idonsa nake so, Sagir," ta ce masa a waya. "Ka ɗauko min idonsa. Sauran duk ban damu ba."

Ranar Lahadi ya je, bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, haske ya yi laushi yadda masu hoto ke mafarki. Aka fito da Malam Idrisu aka zaunar da shi a benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Sagir ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa, kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi a gaban wanda yake fatan ya zama surukinsa.

"Kai ne Sagiru?"

"Ni ne, Baba. Yaya jikin naku?"

"Jiki ya yi aikinsa. To ga ni. Yaya ake yi?"

"Yadda kuke ɗin nan ma ya yi, Baba."

Bai yi ba. Dattijon ya ɗan karkata, numfashi na kai shi gaba yana mai da shi baya. Da wani ne, da Sagir ya ce ɗago haɓa, jingina, riƙe numfashi, kalle ni nan. Amma da wane baki zai ce wa Malam Idrisu riƙe numfashi? Ya ɗaga kyamara yana tsugune, ya leƙa, ya danna maɓallin nan.

Idon ya cika masa gani. Idon hagu ne, jajaye-jajaye, da wani farin tabo a gefen fatarsa ta ƙasa, inda ruwan zube gashin fata ya taɓa fallatsar masa tun yana saurayi, gashin idon wurin bai sake fitowa ba. Kuma idon shi yake kallo. Kai tsaye, ba ƙiftawa, ta cikin gilashi da ƙarfe har cikin ƙirjinsa. Tunda uwarsa ta haife shi Sagir bai taɓa tsura wa babba ido haka ba, balle uban wadda yake so. Sai ya ji kamar an kama shi yana leƙen ɗakin da ba nasa ba. Kafin ya sani ya sauke kallonsa kan gemu, ya saita a can, ya danna. Ya sake gwadawa, idon ya sake tarar da shi, ya gudu zuwa hula. Haka ya yi ta yi, gumi na bin bayansa. Ya san da zai ɗan tsuke bakin gilashin da komai ya fito, ido da gemu da kunne. Amma da bangon da gansakuka ta ci ya fito shi ma, da kwatar da ke bin gefen gidan, shi kuwa so yake ya kai wa Aina'u ubanta a tsakiyar haske, kamar sarki.

Tari ya sarƙe dattijon, aka zo aka shigar da shi. Aina'u ta leƙo daga zaure, ta tambaye shi da ido. Ya gyaɗa mata kai.

Tun a cikin adaidaita sahu, a hanyar komawa, ya faɗaɗa hotunan a bayan kyamara ya ga abin da ya yi. Ya ce a ransa Lahadi mai zuwa zai koma, zai nemo dabarar da zai ce a sake. Litinin ya ɗauki waya zai faɗa mata, kunya ta hana. Talata ma haka. Ranar Laraba da hantsi, yana tsaye a gaban inji, ta kira shi, bai ji komai ba sai kuka.

"Akwai dabara fa," in ji Ya'u, ya katse masa tunani. "Ka ba ni minti biyu."

Ya buɗe wata manhaja, ya jefa hoto na goma sha bakwai a ciki, wanda dattijon ya ɗan yi kamar zai yi murmushi. Wani layi ya bi ta kan fuskar daga hagu zuwa dama. Da ya wuce, idanu biyu suka buɗe garau, baƙi wuluk da fari tas, gashin ido a jere reras kamar an shuka.

"Ka gani? Ga Baba ya dawo."

Sagir ya matsa kusa. Kyakkyawan dattijo ne, mai kwarjini, mai kama da Malam Idrisu kamar wa da ƙani.

"Ba idonsa ba ne."

"To na wa ne? Nawa?"

"Akwai tabo a nan. Ta goge shi."

"Ta yi masa gyara ke nan, sai a gode mata. Haba Sagir! Yarinya na cikin makoki, ka kai mata abin da zai sanyaya mata rai. Wa zai tsaya ƙirga gashin ido? Rabin hotunan mamatan da ke rataye a gidajen garin nan, ta nan suka bi, ba wanda ya taɓa dawo min da ko ɗaya. Ko ka fi so ka je ka ce mata, ga kunnen babanki, ki yi haƙuri?"

Sagir ya runtse ido. Bayan sadakar arba'in kawunsa zai je gidan su Aina'u neman aure, an riga an yi magana. Ya tuna yadda ta gyara tsayuwa a zaure ranar da ya gyaɗa mata kai, kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Wanke min duka biyun," ya ce. "Wanda aka gyara da na asali."

"Na asalin me za ka yi da shi?"

"Ka dai wanke."

Hadari na haɗowa ta gabas lokacin da ya sauka a Challawa. Warin fata da ruwan jima ya tare shi tun daga titi, warin da mutanen unguwar suka daina ji. Ma'aikatan da suka tashi suna ta fitowa a kekuna da ƙafa, leda a kai saboda ruwa. An kwashe tabarmin zaman makoki daga ƙofar gidan, amma bencin yana nan ƙarƙashin darbejiya, ba kowa a kai. Sagir bai iya zama a kansa ba. Ya yi sallama ya tsaya.

Aina'u ta fito cikin hijabi ruwan toka. Ta rame, idanunta sun faɗa. Suka gaisa, ya sake yi mata gaisuwar rashi, ta amsa a hankali. Idonta na kan ambulan ɗin da ke hannunsa.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Tun jiya Inna ke tambaya. Ni kuwa tsoro nake ji, ka san? Ina so in gani, ina tsoron in gani." Ta goge tafin hannunta a jikin hijabi, ta miƙo duka biyun.

Yatsunsa suka shiga ambulan, suka taɓa takarda biyu. Allah ya sani, har cikin adaidaita sahu niyyarsa ta gaskiya ce. Amma ga hannayenta a buɗe suna jira. Ya zaro wanda aka gyara.

Ta karɓa. Ta zauna a bakin bencin ba tare da ta sani ba. "Baba," ta ce can ƙasa, hawaye suka zubo. Ta kare hoton da gefen hijabi kada su ɗiga a kai. "Kai, Sagir. Dubi yadda ya yi kyau. Kamar ba shi da ciwon komai. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya..."

Idonta ya tsaya a wuri ɗaya a hoton.

Ta kusanto da hoton. Ta nisantar. Ta sa ɗan yatsa a gefen idon hagu, ta mayar kan na dama, ta dawo.

"A hagu yake ko a dama?" ta ce, ba shi take tambaya ba. "Tabon. Ni dai na san a hagu yake. Ina ƙarama nakan taɓa shi in ce, Baba wa ya cije ka, ya ce kura ce." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Ko ya baje ne da ya tsufa ban lura ba? Wata uku ina ba shi magani da hannuna, ina goge masa fuska. Yaya za a yi ban lura ba?"

"Aina'u..."

"Tun shekaranjiya nake rufe ido in nemo fuskarsa, sai ta ƙi tsayawa. Na ce ba komai, hoto na zuwa. Yanzu ga hoton, kuma ba haka nake tuna shi ba." Ta ɗago, fuskarta jiƙe sharkaf. "Kwana tara kacal, Sagir. Wace irin 'ya ce ni? Kwana tara har na fara ƙirƙira wa ubana fuskar da ba tasa ba?"

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya ga tana ƙoƙarin goge abin da ta sani don ta ba takardar nan wuri, tana tuhumar kanta saboda ƙaryarsa. In ya yi shiru, nan da shekara tabon zai ɓace daga duniya gaba ɗaya, kuma ita za ta ɗauki laifin.

Ya durƙusa a daidai inda ya durƙusa ranar Lahadin nan.

"A hagu yake. Fari, a fatar ƙasa, gashin wurin babu. Ba ki manta komai ba." Ya zaro ɗayan hoton. "Wannan ne na ɗauka. Wancan na'ura ce ta zana masa ido."

Ta dubi na biyun. Gemu tar, zaren wuyan riga tar, idanu kamar hayaƙi.

"Sauran fa?"

"Duk haka suke. Arba'in da ɗaya."

"Gilashin ne ya lalace?"

Ga ƙofa ta buɗe masa, ya ga hanyar fita a fili. Bai bi ba.

"Lafiyarsa lau. Ni ne. Sai na kalli cikin idonsa kafin in saita, shi kuma yana kallona. Na kasa, Aina'u. Kunya ta hana ni. Tun a hanya na gani, na ce zan dawo Lahadi."

"Tun a hanya." Ta maimaita a hankali. "Litinin yana nan. Ya sha kunu, har ya zauna a waje. Talata yana nan. Da ka faɗa min, da na durƙusa na roƙe shi, da ko da wayata ce..." Muryarta ta ƙare.

Iska ta taso, ganyen darbejiya ya fara zubowa a kansu. Daga cikin gida aka ji Inna na cewa a kwashe shanya.

"Ka san me ya sa ya ce ka zo?" Ba ta kalle shi ba. "Ba hoto ya dame shi ba. Cewa ya yi yana so ya ga wanda zai bar wa ni. Duk zaman nan da ya yi yana haki, kai yake kallo. Da aka shigar da shi ya ce wa Inna, yaron nan yana da kunya, ko ido bai iya haɗawa da ni ba, a ba shi." "Da murna na kwana ranar."

Sagir ya kifa kai a gwiwa. Kukan da ya riƙe kwana tara ya ƙwace masa, a titi, a gaban masu wucewa.

"Ki yafe min. Zan sayar da gilashin, zan jefa shi a kogin Challawa in kin ce. Zan zauna da mai zane, in faɗa masa yadda tabon yake, ni na gan shi kusa fiye da kowa..."

"Ka gan shi, ka kau da kai." Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Wannan zan iya yafewa. Tarbiyya ce, shi ma ya yaba. Amma kunyar da ta hana ka kallon idonsa ba ta hana ka sa masa idon wani ka miƙo min ba. Kana tsaye ina sa maka albarka. Da ban san tabon nan ba fa? Da Inna ta rataye baƙo a ɗakinta har ta mutu."

Ɗigon farko ya faɗo a kan bencin. Ta miƙe, ta ajiye kyakkyawan hoton a gabansa a ƙasa, fuskar na kallon sama. Ɗayan kuwa, mai idanun hayaƙi, ta sa shi cikin hijabi ta rungume a ƙirji. Ta kai bakin zaure sannan ta juyo. Wannan karon shi ya ɗago ya kalle ta cikin ido, yanzu da kallon ba shi da sauran amfani.

"Wannan zan kai wa Inna, a haka zan rataye shi, idon kuma ni zan riƙa tuna mata," ta ce. "Kai kuma ka faɗa wa kawunka kada ya zo bayan arba'in. Na fasa."